Mil 4 a awa: tafiyarmu a ruwa zuwa Llangollen

Jirgin da ake yawo da shi a hanyoyin ruwan Ingila ba shi da birki. Da wannan maganar mutumin kamfanin haya ya fara mana bayani a kusa da ƙauyen Wrenbury, muna tsaye a bakin ruwa da jakunkunanmu. In kana son tsayawa sai ka sa ribas, ka jira ruwa ya amsa maka, kuma ruwa ba ya amsawa da wuri. Jirgin dogo ne siriri, tsawonsa ya haura ƙafa 50, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, cikinsa akwai gadaje da ɗan wurin girki da banɗaki, duk a jere. Mai tuƙi yana tsayawa ne can baya a waje, riƙe da wata sandar ƙarfe. In ya tura ta dama, goshin jirgi ya nufi hagu, in ya tura ta hagu, ya nufi dama.

Mu huɗu ne: Yayana, da matarsa wadda nake kira Anti, da ɗansu mai shekara 10, sai ni. Yaya yana da i'ina tun yana yaro, irin mai nauyin nan da kalma kan tsaya masa cak a maƙogwaro. Yaron ma ya taso da ita, kodayake tasa ta fi yawa a maimaita farkon kalma. Ba zan kwaikwayi maganarsu a rubutun nan ba. Duk abin da suka faɗa zan kawo shi a cike, yadda suka nufa.

Da mutumin ya tambayi wa zai riƙe tuƙi, wa kuma zai zauna gaba yana sanar da abin da ke tafe, sai Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Ni dai kada a ba ni aikin ihu. Kafin in gama cewa a tsaya, mun riga mun shiga Wales." Mutumin ya yi turus, ya dubi fuskar Yaya don ya ga ko an yarda a yi dariya. Da ya ga Yaya na darawa, shi ma ya saki tasa. Daga nan ya ce ai ihu ba ya amfani a jirgin nan ko ga wanda harshensa ke sake, domin ƙarar inji tana ƙarƙashin ƙafar mai tuƙi, ba ya jin na gaba. Da hannu ake magana. Ya nuna mana alamar tsayawa, da ta rage gudu, da ɗaga babban yatsa in komai ya yi daidai. Na lura da yadda yaron ya zuba ido yana maimaita alamun da hannunsa, har ya riga mu haddacewa.

Hanyar da muka bi ita ce ta Llangollen, wani gari a Wales, hanyar ruwa ce wadda mutane suka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce. Ta faro daga Hurleston a yankin Cheshire, ta ratsa Shropshire, ta ƙare a cikin tsaunukan Wales. A da dawakai ne ke jan jiragen kaya, suna bin wata siririyar hanya a gefen ruwa, kuma hanyar tana nan, yanzu masu tafiya a ƙasa da masu keke ke bin ta. Hukumar da ke kula da irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, wato Canal & River Trust, an kafa ta a 2012, kuma tana riƙe da kusan mil 2,000 na ruwa. Dokarta a kan gudu ita ce kada a wuce mil 4 a awa. Mutum mai saurin ƙafa yana iya jerawa da jirgin, har ya wuce shi. Da farko abin ya yi mini nawa ƙwarai. Zuwa la'asar na daina duba agogo.

Ladabin da aka fi tsanantawa a kansa shi ne rage gudu idan za ka wuce jirgin da ke ɗaure. Ko mil 4 ɗin ma ya yi yawa a nan, sai ka mayar da inji can ƙasa yana ɗan bugawa kawai. Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa kwana a ruwa. Hanyar ba ta da zurfi kuma ba ta da faɗi, saboda haka jirgi mai tafiya yana zuƙe ruwan da ke gabansa da gefensa, sai jirgin da ke ɗaure ya zabura gaba, ya dawo baya, igiya ta ɗaure tamau, wani lokaci turken ya tumɓuke daga ƙasa. A cikin waɗannan jiragen akwai waɗanda nan ne gidansu rani da damina. Wata tana da tukunyar ruwan zafi a kan wuta, wani tsoho yana ƙoƙarin sauka daga matakala, wani jariri yana barci. Ba ka ganinsu, labule a sake yake, amma dole ka ɗauka suna ciki. Daren farko mun ɗanɗana da kanmu: wani ya wuce mu da gudu bayan magariba, jirginmu ya bugi gaɓa, kofin da ke kan tebur ya zame ya faɗi. Washegari Yaya ya riƙa rage gudu tun daga nesa, ko da jirgi ɗaya ne tak a ɗaure, ko da ya yi kama da wanda aka yi watsi da shi. Sau da yawa sai ka ga an ɗaga labule an ɗago maka hannu.

Akwai sauran ƙa'idoji da muka riƙa tsinta a hanya. In kun yi kiciɓis da wani jirgi, kowa ya riƙe damansa. Ba a ɗaure jirgi a wurin ɗibar ruwan sha a tafi yawo. Ba a kunna inji ko janareto a inda aka ɗaure daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Gadar da ka ɗaga don ka wuce, in akwai jirgi a bayanka, ka riƙe masa ita, kuma ka tabbata ka sauke ta kafin ka tafi. Ba ɗan sanda a wurin. Mutane ne kawai suka san cewa gobe su ne za su kasance a ɗaure wani ya zo wucewa.

Aikin ƙarfi yana wurin matakalar ruwa. Ƙasar ba a shimfiɗe take ba, ruwa kuma ba ya hawa tudu, don haka aka gina wasu ɗakuna na bulo masu ƙofa gaba da baya, daidai faɗin jirgi ɗaya. Ka shigar da jirgi, a rufe ƙofar baya, a ɗaga marfin da ke sakin ruwa daga sama da wani hannun ƙarfe da ake murɗawa, ruwa ya cika ɗakin, jirgi ya taso, sannan a jingina baya ko ƙugu a tura ƙofar gaba, ka fita a sabon tudu. Ƙofar ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Ko ku goma ne kuka taru kuka tura, in da sauran tazarar ɗan yatsa, ba za ta motsa ba. Kuma ba a taɓa marfin sai mai tuƙi ya ɗaga babban yatsa, domin ruwan yana shigowa da ƙarfin da zai iya wurga jirgi ya bugi ƙofa. Wannan aikin yaron ya karɓa. Yana tsaye a sama, ubansa na ƙasa a cikin ramin, su dubi juna, yatsa ya tashi, aiki ya tafi. Duk yinin ba wanda ya kakare a cikinsu, tunda ba a bukaci kalma ba.

A bakin matakala ake haɗuwa da mutane, nan ne kuma ake hira, domin kowa jira yake. A nan na ga iri-irin yadda mutane ke karɓar mai i'ina. Wani dattijo mai fara'a ya tambayi Yaya inda muka dosa. Yaya ya ɗauko sunan Chirk, kalmar ta tsaya a harafin farko. Dattijon, da nufin taimako, ya ce, "Chester?" Yaya ya girgiza kai. "Cheltenham?" Yaya ya sake girgiza kai, ya runtse ido, sannan sunan ya fito. Da muka koma jirgi ya ce, "Bawan Allah nan ya zaga da ni garuruwa biyu kyauta kafin ya bar ni in je nawa." Muka yi ta dariya har Anti na share hawaye. Dattijon ba mugu ba ne, kuma Yaya bai riƙe shi a rai ba. Amma abin da ya yi shi ne abin da masu i'ina suka fi roƙon a daina: ƙarasa musu magana. In ka canka daidai, ka ƙwace masa maganarsa. In ka kuskure, ka ƙara masa aiki, don yanzu sai ya ce a'a, sannan ya koma ya sake hawa kalmar da ta kayar da shi.

A Grindley Brook, kusa da Whitchurch, aka yi abin da ya ɓata mana rai. Wurin yana da matakala shida, uku na ƙarshe a manne da juna, ƙofar saman wannan ita ce ƙofar ƙasan wancan. Saboda haka ba a shiga yadda aka ga dama, akwai mai kula da ke tsara jirage, wasu su hau, sannan wasu su sauka, kuma layi kan yi tsawo lokacin hutu. A bayanmu akwai wani jirgi cike da samari, sun fito shaƙatawa, da alamar sun sha abin da suka sha. Yaya ya sauka ya je wurin mai kula don ya tambaya ko mu ne na gaba. Ina tsaye kusa da shi, ina kallon yadda abin ya kama shi. Leɓɓansa suka haɗe, haɓarsa ta ɗan karkata, jijiyar wuyansa ta miƙe, yatsun hannunsa na dama suna bugun cinyarsa a hankali. Numfashi ya tsaya. Na san wannan yanayin tun muna yara, na kuma san daƙiƙa kaɗan ne zai wuce. Kafin ya wuce sai ɗaya daga cikin samarin ya kwaikwaye shi da ƙarfi, har da karkata haɓa, ya juya yana neman abokansa su tafa masa.

Mutum ɗaya ne ya yi dariya a cikinsu, shi ma ya haɗiye ta da ya ga wurin ya yi tsit. Mai kula da matakalar ko kallon saurayin bai yi ba. Idonsa na kan Yaya, ya ce, "Ina sauraronka." Yaya ya ƙarasa tambayarsa, aka ba shi amsa, ya yi godiya. Ni kuwa jikina har rawa yake. Na yunƙura zan yi magana, Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Je ka kama igiya." Da samarin suka zo hawa daga baya suka rikice da tsarin marafan, Yaya ne ya taka ya nuna wa ɗaya daga cikinsu wanda zai fara buɗewa, domin in aka yi kuskure a irin wannan matakala ana iya malalar da ruwa a kan hanya ko a bar jirgi a kan laka, kuma duk wanda ke layi zai sha jira. Ba mu ƙara haɗuwa da su ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron ya gani. Yana riƙe da hannun ƙarfensa a bakin ƙofa lokacin da aka yi. Daga nan har muka ratsa fadamar Whixall Moss, inda ƙasa ta shimfiɗe ba gida ba mota sai tsuntsaye, bai ce uffan ba. In an tambaye shi abu sai ya gyaɗa kai. Wannan shi ne ɓarnar da irin wannan wasa ke yi, kuma mai yin sa ba ya tsayawa ya gani. Shi ya yi dariyarsa ta daƙiƙa biyar ya manta. Yaro kuma ya koyi cewa buɗe baki a gaban baƙi yana da tsada, gara a yi shiru.

Da daddare, mun ɗaure kusa da tafkunan Ellesmere, yaron ya tambayi ubansa abin da ke cinsa. Ya ce, "Abba, kai ma ai kana wasa da i'inarka, kowa ya yi dariya. Me ya sa na wancan ya zama laifi?" Yaya ya daɗe bai amsa ba, kuma wannan shirun na tunani ne. Sannan ya ce, "In na yi wasan, ni da su muke dariya, kuma na riga na gama maganata. Shi kuwa ya yi nasa ina tsakiyar magana, ya mayar da ni abin kallo. Kuma ni na san inda zan tsaya, shi bai sani ba." Anti ta ce mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Na yarda da Yaya a kan wannan, amma ban yarda da shi duka ba, kuma na faɗa masa a daren. Na daɗe ina lura cewa duk inda muka shiga cikin baƙi, shi ne ke fara jefa wasa a kan harshensa kafin kowa ya ce komai. Wasannin suna da daɗi, ba ƙarya, Allah ya ba shi hikimar zance. Amma wani lokaci ina jin kamar kuɗin shiga yake biya, yana sayen sakin fuskar mutane da abin da bai kamata ya saya ba. Ina tsoron yaron ya ɗauka cewa wajibi ne mai i'ina ya zama mai ban dariya kafin a saurare shi. Yaro mai i'ina da ba shi da raha fa, ko wanda ranar ba ya jin wasa? Shi ma yana da haƙƙin a jira shi. Yaya ya ce ba haka ba ne, shi wasan yana sassauta masa maƙogwaro, in ya ambaci abin da bakinsa tun farko sai fargabar ɓoyewa ta tafi, maganar ma ta fi fita. Anti ta ce duka biyun gaskiya ne, ta ga ranar da wasan ke fitowa daga nishaɗi, ta kuma ga ranar da yake fitowa daga gajiya, kuma tana gane bambancin daga muryarsa. Ba mu cimma matsaya ba. Har yau ina kan ra'ayina, shi ma yana kan nasa.

Abin da ba mu yi saɓani a kansa ba shi ne jahilcin da ke kewaye da lalurar. Kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da i'ina, a kowace ƙasa da kowane harshe, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Yara da yawa kan yi ta na ɗan lokaci suna ƙanana sannan ta wuce, wasu kuma ta zauna musu. Tana bin jini a gidaje da dama, kamar yadda ta bi namu. Masana sun nuna cewa tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma ƙarancin basira ba, kodayake fargaba na iya ƙara mata nauyi. Shi ya sa cewa mai i'ina "kwantar da hankalinka" ko "ja numfashi" ba ya ƙara masa komai sai takura. Masu cewa mai i'ina saurin fushi gare shi, da za su gwada yini ɗaya ana katse su a kowace jimla, da sun sake magana. Sarki George na 6 na Ingila da ita ya yi mulki, har ya riƙa yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo lokacin yaƙin duniya na biyu. Joe Biden ya sha faɗin yadda ya yi fama da ita yana yaro. An ware 22 ga Oktoba ta kowace shekara don wayar da kai a kanta. Mu kuma tun muna makarantar allo muka san addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, da ya roƙi Ubangiji ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Yaya yakan ce duk wanda ya san wannan addu'ar bai kamata a same shi yana kwaikwayon mai i'ina ba.

Bayan matakala biyu na New Marton babu sauran hawa, ruwa ɗaya ne har Llangollen, amma a nan hanyar ta fi ban mamaki. A Chirk jirgi yana bi ta kan gada, ruwa a cikin gadar, kogin Ceiriog a can ƙasa. An gama ta a 1801, kuma a kanta ake tsallaka iyaka daga Ingila zuwa Wales, ga gadar jirgin ƙasa a gefe ta fi ta tsayi. Kana sauka sai bakin rami, hanyar ta shige ƙarƙashin tudu fiye da mita 400. Jirgi ɗaya kawai ramin ke ɗauka. Sai ka tsaya ka leƙa, in ka hango fitila tana tahowa, ka ja gefe ka jira ko da kai ka riga isowa a ganinka. Mun jira jirage biyu suka fito, kowanne ya gaya mana ko akwai wani a bayansa. Da muka shiga, duhu da sanyi suka rufe mu, ruwa na ɗiga daga rufin. Yaron ya gwada muryarsa ya ji ramin ya dawo masa da ita, sai ya kama waƙar makarantarsu da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe ba inda ya tsaya. Haka abin yake ga masu i'ina da yawa, in suna waƙa ko suna karatu tare da wasu, harshen sakewa yake. Yaya ma in yana karatun salla ba ka taɓa cewa shi ne.

Sai babbar gadar, Pontcysyllte, wadda Thomas Telford da William Jessop suka gina, aka buɗe ta a 1805. Tsawonta mita 307, tsayinta daga kogin Dee mita 38, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Kwarin ƙarfe ne aka ɗora a kan ginshiƙan dutse aka cika da ruwa. A gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge. A ɗaya gefen babu komai, bakin ƙarfen ɗan kaɗan ya ɗara ruwa, daga nan sai sarari. Mai tuƙi in ya dubi gefen ƙafarsa, kan bishiyoyi yake gani da filin ƙwallo ya zama ɗan mitsitsi. Anti ta shige ciki ta ce a kira ta in an sauka. Nan ma jira ne, domin jirage ba sa gittawa a kai, sai waɗanda ke tahowa sun gama fitowa. Ba wanda ya yi hon, ba wanda ya yi tsaki.

Daga Trevor, ƙauyen da ke ƙarshen gadar, zuwa Llangollen hanyar ta manne da jikin dutse, akwai wuraren da ta matse har jirgi biyu ba sa wucewa, ga kwana da ke hana ganin gaba. Alluna a wurin suna ba da shawarar a tura mutum a ƙasa ya duba. Ni na sauka, sai yaron ya ce, "Baffa, zan bi ka." Muna cikin tafiya ya ce shi zai yi maganar in mun haɗu da wani. Na ce to. A ƙarshen matsin muka tarar da jirgi yana shirin shigowa, wata mata mai furfura ce ke tuƙi. Yaron ya ɗaga hannu da alamar tsayawa, ta sa ribas ta tsaya. Ya buɗe baki, farkon kalmar ya riƙa dawowa, ya kasa wucewa. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Na cije bakina, domin kalmar tana kan harshena kuma na san ba tawa ba ce. Matar ta kai hannu ta mayar da injinta ƙasa don ta ji shi sosai, ta jingina da sandar tuƙi, ta dube shi yadda ake duban duk mai ba da labarin hanya. Ba ta yi masa murmushin tausayi ba, ba ta kuma dube ni don in fassara ba. Ya gaya mata jirginmu na cikin matsin yana tahowa. Ta tambaye shi jirage nawa ne. Ya ce biyu, namu da wani a baya. Ta ce ta gode, za ta jira, ta jefo masa igiya ya riƙe mata jirgin a gaɓa har namu ya fito. Da Yaya ya zo wucewa ya ga ɗansa riƙe da igiyar baƙuwa suna hira, ya dube ni, na ɗaga masa babban yatsa.

A Llangollen jirage masu inji ke tsayawa. Sauran 'yar tafiyar muka yi a ƙasa zuwa Horseshoe Falls, wani shingen ruwa mai lanƙwasa da Telford ya gina a kogin Dee don ya karkato ruwa cikin hanyar. Wannan ruwan ne ya ceci hanyar. A 1944 doka ta rufe ta ga jiragen kaya, amma aka bar ta a raye saboda tana kai ruwa zuwa madatsar Hurleston. Shi ya sa tun daga farko muke jin jirgin na turjiya, ashe gaba da ruwa muke yi. A garin har yanzu akwai jirgin da doki ke ja yana ɗaukar masu yawon buɗe ido, kuma a nan ake taron waƙoƙi na ƙasashen duniya duk shekara tun 1947.

Da safe kafin mu juya, sai aka bukaci a kira kamfanin haya a tabbatar da lokacin mayar da jirgi. Waya ita ce abin da Yaya ya fi ƙi a duniya, domin babu fuska babu hannu, in ya kakare sai a ɗauka layi ne ya yanke a kashe. Anti ta miƙa hannu za ta karɓa kamar yadda ta saba. Ya ce a'a, ya kira da kansa, yaron na zaune kusa da shi. Bai yi wasa ko ɗaya ba wannan karon. Ya fara da cewa yana da i'ina, a ba shi lokaci, sannan ya faɗi sunan jirgin, wanda ya ɗauke shi tsawon numfashi uku. Aka jira shi, aka gaya masa ƙarfe 9 na safiyar ranar mayarwa. Ya ajiye wayar ya ce mini in kwance igiyar gaba, ya ce wa yaron ya ɗauki hularsa ya yi gaba, don matsin farko bai da nisa.